Man Girki Da Gaggawar Zamani A Birnin Minna

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a shataletalen Kpakungu, ko kuwa a Mobil da ke tsakiyar birnin Minna, tun kafin ƙarfe bakwai na safe zai tarar gari ya riga ya tashi tsaye. Ma'aikata na rige-rigen shiga keke mai ƙafa uku, 'yan makaranta na tsallaka titi da gudu, manyan motocin da suka kwana a kan hanyar Bida suna ta hura ƙaho. A gefen titi kuwa ga mata sun ɗora kasko bisa murhu, wannan tana tuyar ƙosai, waccan doya da ƙwai, wata kuma awara. Mai saye ba ya zama. Kuɗi ya ke miƙawa a ƙunsa masa a takarda ko leda, ya ci yana tafe, ko kuwa ya ƙarasa a cikin mota.

Abin da ba safai a ke dubawa ba shi ne man da ke cikin kaskon. A waɗansu wurare sai ka gan shi garau, a waɗansu kuwa ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri, yana kumfa, yana hayaƙi tun wuta ba ta kama sosai ba, alama ce ta cewa jiya ma da shi aka yi tuya, watakila har da shekaranjiya, ƙari kawai a ke yi masa. Mai tuya ba mugunta ce ta sa ta haka ba, tsadar mai ce. Mai saye kuma ba wauta ce ta hana shi tambaya ba, sauri ya ke yi. To, tsakanin tsadar nan da saurin nan ne lafiyar jama'a ta ke zurarewa ba tare da an farga ba.

Minna ba haka ta ke ba a da. Asalinta mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, a kan duwatsun da ke kewaye da garin. Jirgin ƙasa ne ya fara sauya ta. Layin dogon da Turawa suka soma shimfiɗawa daga Baro, a bakin Kogin Kwara, cikin shekarar 1907, ya ratsa ta Minna ya isa Kano cikin 1911, daga baya kuma layin Ikko ya zo ya haɗe da shi a nan. Sai fatake da leburori da ma'aikatan reluwe suka yi ta sauka, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo. Sauyi na biyu ya zo ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birninta. Cikin 1983 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, sa'an nan cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko ta koma Abuja, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 150 ko makamancin haka ba daga nan. Yau akwai magidanta da yawa da iyalinsu ke Bosso ko Tunga ko Chanchaga, su kuwa rabin rayuwarsu a kan hanyar Suleja ta ke ƙarewa. Mutumin da ke irin wannan zirga-zirga abin da ya samu a tasha shi ya ke ci.

Itacen Da Ba Ya Gaggawa

Abin mamaki shi ne, jihar da wannan birni ke shugabanta ita ce kan gaba a Nijeriya wajen kaɗanya, itacen mai da ke da jan rai ƙwarai. Wanda ya ga kaɗanya ta tsiro, sai ya jira shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ya ɗanɗani taɓonta, amma in ta kama haihuwa tana iya kai shekara ɗari biyu tana bayarwa. Ba a cika shuka ta ba. Manomi ya kan tarar da ita a gona ne, ya kewaye ta da garma, ya bar wa jikokinsa. Daga Borgu zuwa Kontagora, daga Mokwa zuwa Lapai, da wuya ka ratsa gona ba ka ga inuwarta ba.

Baƙi sun daɗe da sanin darajarta. Baturen nan ɗan yawon bincike, Mungo Park, wanda ya rasu a Kogin Kwara daidai Bussa wajen shekarar 1806, a cikin ƙasar da yau ke Jihar Neja, ya yaba man kaɗanya ƙwarai cikin labarin tafiyarsa ta fari, har masana tsirrai suka daɗe suna kiran itacen da sunansa. Tsohuwar Bussa dai ruwa ya shafe ta bayan da aka gama madatsar Kainji cikin 1968.

Yadda a ke fitar da man ma aikin haƙuri ne. Da damina ta faɗi, mata ke fita tun da asuba su tsinto 'ya'yan da suka faɗo da kansu, domin ba a kaɗo kaɗanya ɗanya. A cinye taɓon ko a bar shi ya ruɓe, a dafa ƙwarar, a shanya ta kwana da kwanaki, a fasa, a sake shanyawa, a daka, a soya, a niƙa. Sa'an nan a zauna a yi ta bugun ƙullun da hannu ana yayyafa ruwa, har man ya taso fari kamar kumfa, a kwashe, a wanke, a dafa, a tace, a bar shi ya daskare cikin ƙwarya. A ƙauyukan Nufawa da na Gbagyi har yanzu ana miya da shi, ana tuya, ana shafa wa jarirai da tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi. Amma a cikin birni da yawa sun ɗauke shi man talaka, ko man shafawa kawai, suna ƙyamar ƙanshinsa. A daidai wannan lokaci kuwa kamfanonin Turai na sayen ƙwarar suna sa manta cikin cakulan, musamman tun shekarar 2000 da Tarayyar Turai ta yarda a riƙa haɗa cakulan da waɗansu mayukan itatuwa har kashi 5 cikin ɗari, ciki har da na kaɗanya.

Man gyaɗa shi ma yana da nasa tarihin a wannan yanki, domin ƙuli-ƙulin Bida ba ya bukatar a gabatar da shi ga kowa. A soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a niƙa, a yi ta juya ta da ruwan zafi har mai ya tsatso, a matse, tunkuzar kuma a murza ta a soya. Da can gyaɗa ta wadata har ana tara dalarta a Kano ana kai wa ƙasashen waje. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta auka wa gyaɗa cikin 1975, da kuma yadda hankalin hukuma ya koma kan man fetur, su suka rushe dalar. Tun daga nan kasuwa ta cika da mayukan da a ke sayarwa da sunan man gyaɗa alhali babu ko ƙwayar gyaɗa ɗaya a ciki. Mafi yawansu tataccen man kwakwar manja ne da aka cire wa launi, ko man waken soya.

Abin Da Likitoci Suka Gano

Jiki ba ya rayuwa sai da maiƙo. Da shi a ke gina ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma akwai sinadaran bitamin huɗu, watau A da D da E da K, waɗanda hanji ba ya iya tsotse su sai tare da mai. Saboda haka masu cewa a ƙaurace wa mai ɗungurungum sun yi kuskure. Maganar ita ce wane iri, kuma nawa. Giram ɗaya na mai yana ba jiki ƙarfin da ya ninka na giram ɗaya na tuwo ko sukari fiye da sau biyu, don haka ko mafi kyawun mai in ya yi yawa ƙiba ya ke zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin da babban mutum ke samu daga abincinsa na yini.

Masana sun kasa maiƙo gida biyu manya. Akwai mai nauyi, wanda galibi ya kan daskare in an ajiye shi, irin wanda ya yi yawa a kitsen nama da man shanu da alayyadi. Shi ne in ya yawaita ya ke ƙara wani kitse a cikin jini da a ke kira kolestarol, wanda ke liƙewa a bangon hanyoyin jini sannu a hankali har su ƙuntace, daga nan sai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar ta ce kada irin wannan ya kai kashi 10 cikin ɗari. Akwai kuma mai sauƙi, wanda ke zama ruwa-ruwa, irin na gyaɗa da riɗi da waken soya da zaitun da kifi, wanda in aka musanya mai nauyi da shi kolestarol ɗin ya kan ragu.

In aka ɗora mayukan kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari a kan wannan ma'auni, man gyaɗa na ainihi ya fito da kyau, domin kusan kashi 80 cikin ɗari nasa mai sauƙi ne. Manja rabi da rabi ne, sai dai yana da wata falala da sauran ba su da ita: jan launin nan nasa sinadari ne da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, mai kare idon yara daga dundumi. Uwargidan da ke ɗora manja a wuta har ya yi fari, gida ya turnuƙe da hayaƙi, ta ƙone wannan falala ke nan, ta bar wa iyalinta nauyin kawai. Man shanu kuwa, duk da daɗinsa a kan tuwo da miyar kuka, wajen kashi biyu cikin uku nasa mai nauyi ne. Cokali guda ya isa, ba ludayi ba.

Man kaɗanya ne ya karya ƙa'idar. Daskararre ne, kuma kusan rabinsa mai nauyi ne, amma irin nauyin da ke cikinsa, wanda kuma shi ne ke cikin man koko, bincike ya nuna ba ya ɗaga kolestarol kamar yadda na man shanu ko alayyadi ke yi. Ragowar rabin kuwa yawancinsa irin sinadarin da ke cikin man zaitun ne. Wannan ba ya nufin magani ne, kamar yadda waɗansu masu talla ke kururutawa, amma ya isa ya nuna cewa tsohuwar da ke miyar kuɓewa da shi a ƙauye ba ta cuci jikokinta ba. Haka kuma babu dalilin da zai sa magidanci mai ƙaramin albashi ya takura kansa sayen kwalbar man zaitun ta ƙasar waje, ga gyaɗa ga riɗi ga agushi a ƙofar gidansa. Kifi ma jihar ba ta rasa shi ba, da ya ke Kainji da Jebba da Shiroro duk suna kusa, kuma kifin ƙanƙara irin su taitus da sadin na ɗauke da maiƙon omega-3 mai amfani ga zuciya. A miya ya fi kyau a sa shi, ko a gasa, maimakon a nutsa shi cikin kasko.

Akwai mai na uku, wanda ya fi duka haɗari, kuma shi ɗan gaggawa ne tun haihuwarsa. A farkon ƙarni na ashirin wani masani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya gano hanyar daskarar da man ruwa ta wajen hura masa iskar haidirojin, don ya daɗe bai lalace ba, ya kuma yi araha. Da irinsa aka daɗe ana yin botar kanti da biskit da kek da cincin na leda. Sai bayan shekaru da yawa aka tabbatar cewa wannan aiki na haifar da wani kitse da a ke kira tirans, wanda ke ɗaga mugun kolestarol ya kuma rage mai amfanin. Ƙasar Denmak ce ta fara taƙaita shi cikin 2003. Cikin 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a kawar da shi daga abincin duniya, tana mai ƙiyasin cewa a lokacin yana jawo mutuwar fiye da mutum 500,000 a kowace shekara. Afirka ta Kudu ta yi dokarta tun 2011. A Nijeriya kuwa, cikin 2023 aka bayyana dokar hukumar NAFDAC wadda ta hana wannan kitse ya wuce giram 2 cikin kowane giram 100 na mai.

Doka ce mai kyau, amma masana'anta ta ke iya kamawa. Ba ta isa kaskon bakin titi ba, inda man da aka yi ta maimaita tuya da shi ke lalacewa ya haifar da sinadarai masu cutarwa. Ba ta kuma isa man awo da a ke ɗurawa cikin tsofaffin robobin ruwa a jera a rana ba. Tun 2002 doka ta wajabta a ƙara wa man girki na masana'anta bitamin A, da tambarin ido a jikin mazubi don shaida, amma hasken rana na kashe wannan bitamin, man awo kuwa ba shi da tambari balle a san asalinsa. NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan manjan da a ke zuba wa rini don ya ƙara ja. Gyaɗa ma in ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, saboda haka wajibi ne a tsince ruɓaɓɓu kafin a kai niƙa. Duk waɗannan abubuwa ne da sai mai natsuwa ke lura da su.

Sauri Ya Haifi Nawa

Gaggawa ba ta tsaya ga tukunya kaɗai ba. Cikin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa mai aiki awa 55 ko fiye a mako ya fi mai awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, kuma ya fi shi haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanya cikin 2016 kaɗai. Direban da ke Minna zuwa Abuja sawu biyu a yini, da ɗan kasuwar da ke buɗe shago bakwai na safe ya rufe tara na dare har ranar Lahadi, sun zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. A ƙasar da bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku na da hawan jini, da yawansu kuma ba su san suna da shi ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Hatta saurin loma yana da nasa sakamako. Wani bincike da aka yi a Japan aka buga cikin 2008, a kan mutum fiye da dubu uku, ya gano cewa masu ci da sauri har su cika ciki sun ninka sauran kusan sau uku wajen yiwuwar yin ƙiba. Dalili kuwa, saƙon ƙoshi ya kan ɗauki wajen minti ashirin kafin ya isa ƙwaƙwalwa, mai hanzari kuwa kafin nan ya riga ya share kwano.

A ƙasar Italiya har ƙungiya aka kafa a kan wannan batu. Cikin 1986, da wani kamfanin abincin gaggawa na Amurka ya zo buɗe reshe a tsakiyar birnin Rum, wani ɗan jarida mai suna Carlo Petrini ya jagoranci masu adawa, daga nan aka haifi ƙungiyar cin abinci a natse, wadda ta ɗauki dodon koɗi ya zama tambarinta. Cikin 2022 shugabancinta ya koma hannun wani masanin aikin gona ɗan Uganda, Edward Mukiibi. Abin da su ke wa'azi a kai, watau a dafa abin da ƙasar mutum ke nomawa, a zauna a ci tare, a san wanda ya noma, shi ne abin da gidajen Limawa da Kwangila suka tashi a kai ba tare da ƙungiya ba: tuwon dare a akushi ɗaya, ɗan kishingiɗa bayan azahar, tafiya masallaci ko coci ko kasuwa a ƙasa, hira a ƙofar gida bayan isha'i. Minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ke nema, watau rabin awa a kwana biyar, tsofaffin nan suna cika shi ba su san suna yi ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kowa ke da halin sassautawa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa sun ƙara sana'a ta biyu a kan ta fari. A ce wa mai neman na tuwon dare ya rage gudu, kusan izgili ne. Haka nan natsuwar da a ke yabo ta zamanin da, a kan wuyan mata aka gina ta, su ne masu daka da niƙa da bugun ƙullu, kuma babu adalci a ce su koma turmi don maigida ya ci mai kyau. Abin da ke cikin ikon kowane gida ƙanana ne: a auna mai da cokali maimakon a tuttula daga galan, a fi yawaita dafawa da turarawa da gashi bisa tuya, watau alala a madadin ƙosai wata rana, a zubar da man da ya yi baƙi, a ajiye sabo a inuwa, a rage gishiri da dunƙule, a ci aƙalla abinci ɗaya a zaune tare da iyali, wayar hannu na gefe. Awon jini kuwa minti biyu ne a kowane ɗakin shan magani.

Ita kaɗanya a halin yanzu idon hukuma ya dawo kanta. Cikin watan Agusta na 2025 aka buɗe wata babbar masana'antar tace manta a garin Kudu da ke Ƙaramar Hukumar Mokwa, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 30,000 a shekara. A cikin watan ne kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa, Kashim Shettima, ya ba da sanarwar hana fitar da ɗanyar ƙwara zuwa ƙasashen waje na wata shida, yana cewa Nijeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na kaɗanyar duniya amma rabonta a cinikin bai kai kashi 1 ba. Niyyar ita ce a riƙa tace man a gida. Amma a makonnin farko farashin ƙwara ya faɗi ƙwarai, kuma matan ƙauye masu tsinto ta, waɗanda suka riga suka sha raɓar damina, su suka fara ji a jikinsu.

Wata barazanar kuma tana kan hanyoyin shiga Minna, inda a ke jera buhunan gawayi ana jiran motocin Abuja. Masu ƙona gawayi na son kaɗanya saboda itacenta na da nauyi, garwashinta na daɗewa bai mutu ba, tsadar gas da kananzir kuwa ta ƙara wa sana'ar kasuwa. Yini guda ya isa a sare ta a gindi a turara. Wadda za ta tsiro a gurbinta bana, in awaki da gobarar daji sun ƙyale ta, ba za a tsinci ƙwararta ta fari ba sai bayan shekarar 2040.